Eksiton da Ferobiskait: Yadda Ƙwayar Dutse Ke Haifar da Haske

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato, ta ratsa Boɗinga da Sifawa ta nufi Shagari, bayan sallar isha'i, zai lura cewa hasken dare ya sake kama. A shekarun 1990 aci-balbal ce ko fitilar ƙwai ke haskaka teburin mai shayi da na mai tsire, ga jan harshen wuta, ga hayaƙin kananzir. A yau kuwa farin haske ne marar zafi, daga ƙananan fitilun da ake kira LED, waɗanda da yawansu da rana ake yi musu caji. Wannan sauyi ba ƙarami ba ne ga ƙasar da karatun dare ya daɗe a cikinta, tun zamanin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, tsakanin 1810 da 1815, har zuwa ɗalibin sakandare na yau da ke bitar darasi bayan an ɗauke wuta.

Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki sai zaren ya yi zafin da ya kai kimanin digiri 2,500 kafin ya ba da haske, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake sha a zafi take tafiya. Ƙwan LED ba ya ƙona kome. To, ta yaya ɗan dutsen da bai kai ƙwayar gero ba yake fitar da haske ba tare da ya yi zafi ba? Amsar tana ga abin da ke gudana tsakanin elektaron da gurbin da ya bari. Wannan darasi zai bayyana wannan al'amari, sa'an nan ya duba wani sabon sinadari, ferobiskait, wanda masana ke sa ran zai samar da fitilu da allunan sola masu araha, da kuma abin da zai iya hana shi amfani a irin yanayin ƙasar Sakkwato.

Hawa biyu da tazarar da ke tsakani

Haske yana tafiya ne a ƙwaya-ƙwaya, kuma kowace ƙwaya, watau foton, tana ɗauke da ƙarfi gwargwadon launinta. Ana auna tsawon zangon haske da nanomita, watau kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idon ɗan Adam yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400, inda shunayya take, da nanomita 700, inda ja yake. Shi kuwa ƙarfin foton ana auna shi da elektaron-bolt, ana taƙaita shi da eV. Lissafin mai sauƙi ne: a raba 1,240 da tsawon zango. Alal misali, koren haske mai nanomita 520 yana da ƙarfin eV 2.4. Ke nan shuɗi ya fi kore ƙarfi, kore kuma ya fi ja.

Ta fuskar ɗaukar lantarki abubuwa kashi uku ne. Akwai masu ɗauka sosai, irin su jan ƙarfe. Akwai waɗanda ba sa ɗauka, irin su roba da gilashi. Akwai kuma 'yan tsaka-tsaki, irin su silikon da ake yin allon sola da shi. A cikin ɗan tsaka-tsaki, elektaron suna da mazauni hawa biyu, kamar bene. Hawan ƙasa cike yake maƙil, babu wurin motsi. Hawan sama kuwa fayau yake, amma babu matakala tsakaninsu. Elektaron ba zai hau ba sai ya sami ƙarfin da zai tsallake tazarar a tsalle guda. Tazarar silikon eV 1.1 ce. Idan foton mai isasshen ƙarfi ya fāɗa kan dutsen, sai elektaron ɗaya ya haɗiye shi ya haye sama, ya bar gurbi a ƙasa. Idan kuwa ya fāɗo ya koma cikin gurbi, sai ya amayar da ƙarfin, kuma a wasu sinadaran ƙarfin yakan fito a matsayin foton wanda launinsa ya dace da faɗin tazarar.

Mene ne eksiton?

Elektaron yana da cajin ɗebewa, irin alamar da ke gindin batir. Gurbin da ya bari kuwa yana aiki tamkar abu mai cajin tarawa, kuma shi ma yana yawo, domin duk lokacin da wani elektaron na kusa ya matso ya cike shi, gurbin ya koma wurin da wancan ya baro. Da yake caji biyu masu saɓani jan juna suke yi, sau da yawa elektaron ba ya nisa da gurbinsa. Sai su riƙa tafiya tare a cikin dutsen, kamar shanun huɗa biyu da aka haɗa da karkiya. Wannan haɗaka ita ake kira eksiton. Tana ɗauke da ƙarfi, amma ba ta ɗauke da wutar lantarki, domin cajin ɗaya ya soke na ɗaya.

Masanin Rasha Yakov Frenkel ne ya fara kawo wannan ra'ayi a 1931. Irin eksiton da ya bayyana matsattse ne, bai wuce faɗin ƙwayar sinadari ɗaya ba. A 1937 Gregory Wannier, da kuma Nevill Mott na Ingila a 1938, suka bayyana wani iri mai sakakkiyar igiya, wanda elektaron ke kewaya gurbinsa daga nesa, ya ratsa ƙwayoyin zarra masu yawa. Wannan na biyu shi ake samu a silikon da ferobiskait.

Abu biyu ake tambaya game da kowane eksiton: tsawon igiyarsa da kuma ƙwarinta. Ƙwarin yana da muhimmanci domin zafi girgiza ce, kuma girgiza tana tsinka igiya. A zafin ɗaki, ƙarfin wannan girgiza kimanin meV 26 ne. Shi kuwa meV kashi ɗaya cikin dubu ne na eV. Ƙwarin igiyar eksiton a silikon kimanin meV 15 ne kurum, saboda haka nan da nan take tsinkewa, elektaron ya bi wani gefe, gurbi ya bi wani, a sami wutar lantarki. Abin da allon sola ke bukata ke nan. Fitila kuwa akasin haka take so: a tura mata elektaron daga gefe ɗaya da gurbi daga ɗaya gefen, su haɗu, su riƙe juna har su haifar da foton. A taƙaice, mai neman wuta raba su yake yi, mai neman haske kuwa haɗa su.

Ganyen gero ya riga masana

Tun kafin a ƙera allon sola, ganyen gero da dawa da wake a gonakin Boɗinga, da albasa da shinkafar da ake nomawa a fadamun yankin Shagari, suna sarrafa eksiton kullum rana ta fito. Sinadarin kulorofil da ke cikin ganye yana haɗiye shuɗin haske da ja, ya bar kore, shi ya sa ganye yake kore. A 1932 Robert Emerson da William Arnold suka gano a Amurka cewa ana samun ƙwayar iskar oksijin ɗaya tak daga kimanin ƙwayoyin kulorofil 2,500 a kowane walƙiyar haske. Wannan ya nuna cewa yawancin kulorofil ba su ke yin aikin da kansu ba. Tattarawa suke yi su miƙa. Ɗaruruwansu ne ke kewaye da cibiya guda, kuma ƙarfin da kowanne ya kama yakan bi hannu-hannu, a siffar eksiton irin na Frenkel, har ya isa cibiyar cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. A cibiyar ne ake raba elektaron da gurbinsa, kuma da wannan elektaron tsiro ke fara aikin haɗa sukari daga ruwa da iska.

Amma ba duka ke isa ba. Kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na hasken da ganye ya haɗiye yakan dawo waje a matsayin jan haske mai nanomita 685, wanda ido ba ya lura da shi saboda hasken rana ya danne shi. David Brewster ya ga wannan ja a ruwan ganye tun a 1834. A yau masana aikin gona suna auna shi domin su gane shukar da fari ko zafi ya fara galabaitar da ita tun kafin ganyenta ya yi yaushi.

Ferobiskait

A 1839 Bajamushe Gustav Rose ya bayyana wani dutse da aka samo a tsaunukan Ural na Rasha, ya raɗa masa sunan wani basaraken ƙasar, Lev Perovski. Dutsen ya ƙunshi kalsiyam da taitaniyam da oksijin. Daga baya sunan ya zama na duk wani sinadari mai irin wannan gini, wanda ake rubutawa ABX3. Mai karatu ya ƙaddara ɗan akwati mai kusurwa takwas: a kowace kusurwa akwai ƙwayar A, a tsakiya akwai B, a tsakiyar kowace fuska shida kuma akwai X.

Ferobiskait ɗin da ake magana a kansa yanzu ba haƙo shi ake yi ba, haɗa shi ake yi a ɗakin gwaji. A matsayin A ana sa siziyam ko wata ƙaramar ƙwayar sinadari mai suna metil-amoniyam. A matsayin B ana sa dalma. A matsayin X kuwa kulorin ko buromin ko aidin. A 2009 Tsutomu Miyasaka da abokan aikinsa a Japan suka yi ɗan allon sola da shi, wanda ya mayar da kashi 3.8 cikin ɗari na hasken rana zuwa lantarki. Kafin ƙarshen 2024 adadin ya haura kashi 26 a ɗakin gwaji, watau ya kamo ƙafar silikon da aka shafe shekaru saba'in ana gyara shi.

Dalili biyu suka jawo hankalin masana. Na farko shi ne sauƙin haɗawa. Silikon sai an narkar da shi a digiri 1,414, an kuma tsarkake shi matuƙa, alhali ferobiskait ana narkar da gishirinsa a ruwan sinadari a shafa shi kamar fenti, a zafin da bai wuce digiri 200 ba. Na biyu shi ne haƙuri da aibi. A yawancin 'yan tsaka-tsaki, duk inda ginin ya sami tawaya, nan ne tarkon da ke kama elektaron ya mayar da ƙarfinsa zafi. A ferobiskait mai dalma kuwa yawancin tarkunan ba su da zurfi, elektaron yakan fāɗa ya fito.

Ƙanƙanta da launi

Nau'in ferobiskait mai metil-amoniyam da aidin igiyar eksitonsa ba ta kai meV 20 ba, saboda haka ya dace da allon sola. Domin fitila kuwa ana son igiyar da ta fi girgizar zafi ƙwari, kuma hanyar samunta ita ce a matse elektaron da gurbi a wurin da ba za su iya rabuwa ba.

A 2015 Loredana Protesescu da Maksym Kovalenko da abokan aikinsu a birnin Zurik na Suwizalan suka haɗa 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin ferobiskait na siziyam, masu faɗin nanomita 4 zuwa 15. Domin a gane wannan ƙanƙanta, kaurin silin gashin kai kimanin nanomita 80,000 ne, ke nan sai an jera ƙwayoyi 8,000 masu nanomita 10 kafin su kai shi. Sun ƙiyasta ƙwarin igiyar eksiton a meV 75 ga mai kulorin, 40 ga mai buromin, 20 ga mai aidin. Mafi kyawun ƙwayoyin sun dawo da har kashi 90 cikin ɗari na foton da suka haɗiye.

Ana sarrafa launinsu ta hanya biyu. Ta farko ita ce zaɓen X: kulorin yana ba da shunayya, buromin kore, aidin ja, kuma idan aka gauraya su ana samun duk launin da ke tsakanin nanomita 410 da 700. Ta biyu ita ce girman ƙwayar. Faɗin da eksiton ke bukata a cikin mai buromin kimanin nanomita 7 ne. Idan ƙwayar ta kusanci wannan girma ko ta kasa shi, sai tazarar hawa biyun ta ƙaru, launin ya karkata daga kore zuwa shuɗi. Mai goge ya san makamancin wannan: in ya danne tsirkiya da yatsa ya rage tsawonta, sai amon ya ƙara siranta. Gano wannan tasiri na girma a wasu sinadaran da suka gabata shi ya sa aka ba Aleksey Yekimov da Louis Brus da Moungi Bawendi kyautar Nobel ta kimiyyar haɗa sinadarai a 2023.

Har ila yau, launin waɗannan ƙwayoyi tsantsa ne, faɗinsa nanomita 12 zuwa 42 kacal, abin da masu ƙera fuskar talabijin da ta wayar hannu ke nema ruwa a jallo.

Daga kwalba zuwa fitila

Ɗalibi ya leƙa cikin tocilan da ke kashe, zai ga ɗan ɗigo mai launin ruwan ɗorawa. A ƙarƙashinsa akwai dutsen galiyam naitaraid mai fitar da shuɗin haske. Ɗigon yana haɗiye wani kashi na shuɗin ya mayar da shi ruwan ɗorawa, gamin biyun kuma ido ya gan shi fari. Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura ne suka samar da wannan shuɗin LED a farkon shekarun 1990, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Sai dai ƙera dutsen yana bukatar zafin kimanin digiri 1,000 da injuna masu tsada.

A cikin 2014 ɗin ne masana a Jami'ar Kambirij, ƙarƙashin Richard Friend, suka nuna LED na ferobiskait mai aiki a zafin ɗaki. A cikin kowane elektaron ɗari da aka tura masa, ko ɗaya bai cika fitowa a matsayin haske ba. Zuwa 2018 wasu masanan sun haura ashirin cikin ɗari.

Matsaloli uku

To, me ya hana a ga irin wannan fitila a kasuwar Boɗinga? Matsala ta farko ita ce zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40 a inuwa, kuma allon da ke kan rufin kwano yakan haura digiri 60. Ginin ferobiskait mai metil-amoniyam yana sake fasali a kimanin digiri 55, a digiri 85 kuma yakan fara ruɓewa ko babu iska ko ruwa. Fitilar ma tana ɗumama kanta: in an ƙara mata wuta eksiton suka yi cunkoso a ƙwaya ɗaya, sai ɗaya ya miƙa wa wani ƙarfinsa ya zama zafi.

Ta biyu ita ce laima. Ferobiskait gishiri ne, gishiri kuwa ba ya shiri da ruwa. Baƙin allo mai aidin yakan koma ruwan ɗorawa in damshi ya shige shi, ya daina aiki. Hunturu da bushewarsa ba za su dame shi ba, amma damshin Yuli da Agusta babban gwaji ne. Allon silikon ana ba shi lamunin shekaru 25, LED na kasuwa kuma yana aiki dubban sa'o'i, alhali shuɗin LED na ferobiskait sau da yawa cikin mintuna ko 'yan sa'o'i haskensa ke dushewa. Duk da haka ana ci gaba: a 2024 kamfanin Oxford PV ya fara sayar da allunan da aka shimfiɗa ferobiskait a kan silikon.

Ta uku, wadda ta fi nauyi, ita ce dalma. Mutanen wannan yanki sun san dafinta. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, wadda har 1996 ɓangare ce ta Jihar Sakkwato, saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro da jininsa da ƙodarsa, kuma babu wani adadi nata da likitoci ke ɗauka marar illa. Gaskiya ne dalmar da ke cikin allon ferobiskait kaɗan ce ƙwarai in an gwada da ta batirin mota, amma iri ce mai narkewa a ruwa. A garin da matacciyar tocila ke ƙarewa a juji, jujin kuma a kai shi gona taki, wannan abin dubawa ne tun kafin kayan su iso. Masana sun gwada maye gurbin dalma da kuza, irin wadda ake haƙowa a Jos, sai dai iskar oksijin tana saurin ɓata ta.

Gwajin da za a yi a aji

A daka danƙi ɗaya na ganyen alayyafo ko zogale, a zuba masa sifirit marar launi, a bar shi minti goma, a tace da ƙyalle mai tsabta cikin farar kwalba. A rufe tagogi, a haska kwalbar daga gefe da tocila mai ƙarfi, ko da 'yar fitilar da ake duba takardar kuɗi da ita. Koren ruwan zai nuna ja kamar zoɓo. Dalili kuwa an raba kulorofil da cibiyar da yake miƙa wa ƙarfi, sai elektaron ya koma gurbinsa ya saki foton. Malami ya kula: sifirit yana kama wuta, kuma ba a haska fitilar duba kuɗi a ido.

Kammalawa

Ganye da allon sola da fitilar LED duk a kan ƙa'ida ɗaya suke, kuma ferobiskait ya ba masana damar zaɓen ƙwarin igiyar da launin hasken. Abin da ya rage shi ne a san ko zai jure zafin bazara da damshin damina, da yadda za a tsare dalmarsa. Waɗannan tambayoyi a nan ya fi dacewa a gwada su. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980, ta daɗe da gwada allunan silikon, har ta haskaka ƙauyen Kwalkwalawa da na'ura mai ƙarfin kilowat 7.2. Irin wannan aiki yana bukatar sababbin hannu, kuma daga aji ake samo su. Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, da koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato ya fara aiki a tsakiyar shekarun 1940.

Tambayoyi

1. Jan haske mai nanomita 650 eV nawa ne ƙarfinsa?
2. Tazarar silikon eV 1.1 ce. Lissafa tsawon zangon hasken da ya dace da ita. Ido zai iya ganinsa?
3. Tsakanin ferobiskait mai buromin da mai aidin, wanne ne eksitonsa zai fi jure zafin ɗaki? Kawo dalili.
4. Me ya sa ruwan ganyen da aka tace ya fi ɗanyen ganye fitar da jan haske?
5. Kawo hanyoyi biyu da makaranta za ta bi wajen tattara matattun batura da fitilu don kada su kai ga juji.